Gidan Mai na Ƙarshe a Kwarinmu

Gidan man da ke kwarinmu, can yammacin Norway, na yayana ne Oddvar. A hannun mahaifinmu ya gaje shi: famfon fetur, famfon dizal, gareji a gefe, sai ɗan shago inda matarsa Gunvor ke toya waina tana dafa gahawa. Duk wanda ya sauko daga jirgin fito zai hau dutse, sai ya bi ta gabansa. A da kuwa ba mai wucewa bai tsaya ba, in ba don mai ba to don hira.

Ni ce autar gidanmu, sunana Turid. Aikina jinyar tsofaffi gida-gida. Da safe in yi wa wannan allura a bakin ruwa, in hau gonakin sama in wanke wa wancan rauni, in sauko in duba ko wance ta sha magani. Motata ita ce ƙafata. Tsohuwa ce mai shan fetur, Yaya ne ya zaɓar mini ita, kuma shi yake lallaɓa ta shekara da shekaru.

Motocin lantarki a hankali suka shigo mana. Malamin makaranta ne ya fara saye, aka yi ta masa dariya. Sai fada na cocinmu, sai motar gidan waya, sai matasan da ke aiki a birni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Madatsar ruwan da ke saman kwari tana ba mu wuta da araha, mutum zai jona motarsa a bangon gidansa ya kwanta, ya tashi ya tarar ta cika. A jirgin fito ma da shingen biyan kuɗin hanya an yi musu ragi. Kafin a ankara masu dariyar sun fi kowa tambaya.

Ranar da Jostein mai tasi ya zo da tasa, ina shagon ina cin waina a tsaye. Bai tsaya gaban famfo inda ya saba ba. Bayan gareji ya zagaya, sannan ya shigo yana sosa ƙeya. Baba Eilif na zaune a kujerarsa kusa da taga. Tsohon manomi ne, abokin mahaifinmu, bakinsa kuma ba ya raga wa kowa.

Ya ce, "A'a, ango, ina ka ɓoye amaryar? Kunyarmu take ji?"

"Baba, ka bar ni in sha gahawata."

"Sha mana. Ai kai kaɗai ka rage mai shan wani abu a nan, motar ta tuba. Injin aski ne fa aka sa wa taya, kuka bi layi kuna saye."

Yaya ya fito daga gareji yana goge hannu da tsumma. Duk muka juya gare shi, don mun san tasin Jostein ce ta fi kowace mota shiga garejin nan.

Yaya ya ce, "In ta cika, ina take kai ka?"

"Birni, in je in dawo, har da saura. In sanyi ya tsananta takan ragu, amma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba."

"Birki fa, a gangaren nan namu?"

"Da ƙyar nake taɓa shi. Ina ɗaga ƙafa take riƙe kanta, batir ma ƙaruwa yake."

Yaya ya jinjina kai. "Ka yi dabara. Da ni ne mai tasi da tuni na riga ka."

Ya koma gareji. Gunvor ta juya wainar da ba ta kai juyi ba.

Yayana bai zauna ya zuba ido ba. Yana gab da shekara sittin ya shiga jirgi ya tafi birni koyon gyaran motar lantarki, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Da yamma ya dawo da ciwon kai, ya baza littattafai a teburin cin abinci, Gunvor na riƙe masa kwamfuta. Ya ci jarrabawa kuwa, aka ba shi takardar shaida, Gunvor ta rataye ta a shago. Amma motocin ba su zo ba. Sababbi ne, garanti ya ɗaure su da kamfanin da ya sayar da su. Ko ba wannan, me za su zo yi? Ba baƙin man da za a juye, ba fulogi, ba kuloci, ba salansar da za ta fashe. Sai canjin taya in sanyi zai shigo da in zai fita.

Ya ce to bari ya sa wurin caji a gaban shago, masu jira su sha gahawa. Kamfanin wuta suka zo suka duba, suka ce wayar da ta zo unguwarmu siririya ce, jawo babba kuma ya fi ƙarfin abin da gidan duka zai yi in an sayar. Bai gama jinyar wannan ba, sai babban kantin da ke mararrabar babbar hanya ya jera nasa wuraren cajin, da ɗakin cin abinci da wurin wasan yara. Matafiya suka koma can.

Ni dai na riƙe tsohuwar motata. Abokan aikina duk sun canza, suna ce mini, "Turid, rabin albashinki a tanki yake ƙonewa." Sai in ce na saba da ita. Gaskiyar ita ce ba zan iya wucewa ta gaban famfon Yaya cikin motar da ba ta buƙatarsa ba.

Wata safiya a tsakiyar sanyi na fito, dusar ƙanƙara ta rufe komai, na murza makulli motar ta yi ɗan tari ta mutu. Na sake, ko tarin babu. Ga Iya Borghild tana jirana a gonarta ta can sama. Ciwon suga gare ta, idonta kuma ya kusa tafiya, ba ta karyawa sai na yi mata allura. Na kira Yaya. Sai ga shi da motar janwe. Ko kallon tawa bai yi ba, ya ce in hau.

Mun tarar da ita zaune a ƙasa a soron gidan, ƙofa a buɗe, sanyi na kwarara ciki. Ta ga na makara ta fito leƙe, ƙafa ta zame, ta kasa tashi. Yaya ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya kai ta kusa da murhu. Jikinta sai rawa yake, ta riƙe hannun rigata tana cewa, "Na ɗauka kin faɗa rami ne, 'yar nan. Na ɗauka kin faɗa rami." Ba ta karye ba, Allah ya tsare. Na yi mata allura, na ba ta abinci, na zauna har jikinta ya yi ɗumi. Yaya yana waje yana share mata dusar bakin ƙofa.

Muka kama hanyar saukowa. Sai da muka wuce gada ya ce, "Ki rabu da motar nan."

"Batir ne kawai, Yaya."

"Yau batir, watan jiya salansa, kafin nan famfon mai. Ni nake gyara ta, ba sai kin gaya mini ba. Ta gaji."

"To sai in nemi wata mai fetur, wadda ba ta tsufa ba."

"Ki sha man a ina?"

"A wurinka mana."

Ya juyo ya kalle ni, ya mayar da ido kan hanya. A nan na gane gidan man nan ba zai daɗe ba.

Na ce, "In ni ma na tafi, wa zai rage maka?"

"Ke kaɗai za ki riƙe gidan mai? Ko wanka za ki riƙa yi da fetur ɗin? Ki saurare ni, auta. Aikinki tsaya-tashi ne, gida zuwa gida, injin ko zafi ba ya gama yi kin kashe shi. Abin da ke kashe mota ke nan. Ita ta lantarki ba ruwanta. Za ki jona ta a gida, ki fito ki tarar da ita da ɗumi, gilashi a narke. Ba don ke kaɗai nake faɗa ba. Tsohuwar nan da ta ƙara jimawa a ƙasa fa?"

Na juya ina kallon taga don kada ya ga fuskata.

Shi ya raka ni birni saye. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Yarinyar da ke sayarwa tana ta yi mini bayanin allon da ke gaban direba, shi kuwa ya ce ta buɗe masa gaban motar. Ta buɗe. Ba komai ciki sai ɗan akwatin roba da wayar caji a naɗe. Ya tsaya yana kallo, hannunsa a sama, kamar mai neman inda zai dafa. Sai ya durƙusa, ya kwanta a ƙasa da rigar tasa mai kyau, ya leƙa ƙarƙashi. Yarinyar ta kalle ni, na yi mata alama ta ƙyale shi.

Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa. "Shafe yake kamar faranti. Ba abin da zai ɗiga, ba abin da zai kwance."

Na ce, "Yabo ne wannan ko zagi?"

"Ɗauki kawai."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Motar ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ina shan shayi a kicin zan latsa waya ta fara ɗumama kanta. Ciwon bayan da nake fama da shi saboda taka kuloci ya tafi. Ƙarshen wata sai in ga kuɗi ya saura a hannuna, abin da na manta rabona da gani. Ina jin daɗinta, ina kuma jin kunyar jin daɗin. Kullum sai na tsaya a shagon na sayi wani abu: ruwan wanke gilashi, safar hannu, man shafawa ƙofa. Har ɗakin ajiyata ya cika da jarkoki.

Ran nan na ajiye wata jarkar a kan kantar shago, Yaya ya ɗauke ta ya mayar kan shiryayye.

"Ke gilashin naki sha yake yi? Bari, auta. Ki sayi waina in kina jin yunwa, in ba kya ji ki zo ki zauna kawai."

Sanyi na fita direban tanka ya kawo labarin. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kawo mana mai, shi ya sa ya ga gara ya faɗa da bakinsa. Kamfani ya ce abin da ake sha a kwarin bai kai a turo tanka ta hau jirgi ba. Ga kuma tankunan da ke binne a ƙasa sun tsufa, doka ta ce ko a sake su ko a tone su. Wa zai binne sababbin tankuna don motocin da ba su kai a ƙirga ba?

Baba Eilif ya buga sandarsa a ƙasa. "To ni fa? Taraktata fa? Sai in tafi har mararraba in ƙona rabin man a hanyar dawowa?"

Yaya ya ce, "Zan riƙa ɗebo maka a jarka in na je, Baba."

"Ubanka da hannunsa ya haƙa ramin nan. Ina wurin."

"Na sani."

"Ka sani, shi ke nan? Ba za ka je ka yi musu magana ba?"

"In ce musu me? Su hana mutane abin da ya fi musu sauƙi? Ƙanwata ma ni na ce ta saya."

Baba Eilif ya juyo kaina, na zaci zagi zan sha. Sai kawai ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa.

Na yi iya abin da na ga zan iya. Na je ƙaramar hukuma na tambaya ko akwai tallafin da ake ba gidan mai na ƙauye. Matar da na tarar 'yar ajinmu ce a makaranta, ta saurare ni da kyau, ta ce za ta kai maganar gaba, amma kada in sa rai. Na bi gidajen da nake jinya ina roƙon 'ya'yansu su riƙa kawo wa Yaya canjin taya. Suka ce to, wasu suka kawo. Ba wanda ya yi mana mugunta, ba wanda zan nuna in ce shi ne. Da akwai, da na sami inda zan sauke abin da ke ƙirjina.

Aka zo da motar haƙa aka fasa gaban shagon. Tankunan suka fito baƙi ƙirin da tsatsa, aka ɗora su a babbar mota. Mutanen kwari suka tsaya a gefen hanya suna kallo, da yawansu a jingine da motocinsu na lantarki, wasu har da hawaye. Aka cike ramin aka shimfiɗa kwalta. Shagon bai daɗe ba shi ma, don ba mai tsayawa sayen waina inda ba famfo. Gunvor ta sami aiki a kicin ɗin gidan tsofaffi. Yaya ya ci gaba da buɗe gareji kowace safiya, ya sa kayan aikinsa, ya zauna.

In an tambaye shi sai ya ce, "Hutu nake, wanda ban taɓa samu ba." Yana dariya, yana tsokanar kowa. Har na fara yarda ya haƙura.

Wata rana da azahar, cikin bazara, na gama da wuri na ce bari in biya. Ana yayyafi, ruwa na buga kwanon rufin gareji. Na shigo harabar a hankali na tsaya daidai ƙofar, wadda ke buɗe rabi. Bai ji zuwana ba. Kunnensa dama ya yi nauyi saboda ƙarar inji, motata kuwa ɗan nishin da take yi ruwan ya danne shi.

Yana zaune a bakin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ƙafafunsa a ciki. Garejin a share tas, sifanu a jere a bango, ba mota ko ɗaya. Ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu. Kuka yake irin na wanda ya tabbata ba kowa kusa, baki buɗe, har da shessheƙa.

Hannuna na kan marfin ƙofa. Na san in na fita na taɓa shi, abin da ya rage masa a gabana zan ƙwace. Na kuma san in na tafi na bar shi shi kaɗai ke nan. Na rasa wanne ya fi muni. Daga ƙarshe na ja da baya a hankali, na fita titi, na gangara bakin ruwa na tsaya. Na zauna ina kallon jirgi ya zo, ya sauke, ya loda, ya tafi. Sannan na dawo, tun daga kwana na fara danna hon.

Ya fito bakin ƙofa yana goge hannu, fuskarsa a wanke, idanu ja.

"Ke lafiya kike tashin unguwa? Ko yau ne kika gano inda hon yake?"

"Na ce kada in shigo maka kamar ɓarauniya."

"Shigo. Akwai gahawa, sai dai ta huce."

Muka sha ta a hakan. Ya tambaye ni Iya Borghild, na ce tana nan da sauƙi. Ya ce tayoyina na gaba sun fara cinyewa ta gefe, in kawo ya juya mini su. Na ce to. Na ajiye kofin na tashi.

Washegari na tare Gunvor a bayan kicin ɗin gidan tsofaffi na gaya mata. Tana fere dankali, ba ta ɗago ba.

"Na sani, Turid. Tun ranar da aka tone tankunan. Shi ya sa ba na dawowa gida da rana."

"To me za mu yi?"

Ta ajiye wuƙar. "In kin san abin yi ki gaya mini. Na ce ya je wurin likita, ya ce ba ciwo yake ba. Na ce mu koma birnin Bergen kusa da 'yarmu, ya ce ya je ya yi me a bene. Aikinsa yake so, aikin kuma babu. Ni zan ƙera masa motocin da za su lalace?"

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba.

Da kaka ta shigo kamfanin jirgin fito suka nemi mai shirya motoci a kan jirgi. Jostein ne ya kawo masa labari, ya kuma kai shi da kansa. Suka ɗauke shi. Garejin aka ba wani haya yana ajiye kwalekwale a ciki lokacin sanyi. Baba Eilif bai sake tuƙi ba bayan wannan shekarar. Ɗansa ya sayar da taraktar, ya kawo shi gidan tsofaffi, inda Gunvor ke zuba masa abinci yana ce mata wainarta ta da ta fi wannan.

Yanzu in aiki ya kai ni ƙetare nakan tarar da Yaya a kan jirgi, cikin rigar ruwa mai launin ruwan ɗorawa, yana miƙa hannu yana nuna wa direbobi layi. Ya rame kaɗan. Mutane suna sauke gilashi su gaishe shi, yana amsawa da fara'a, wani lokaci ya ce wa mutum tayarsa na son iska. Jirgin ma an canza shi, na lantarki ne, ba ya girgiza, ba ya hayaƙi. Yaya ya ce aikin ba laifi, sai dai tsayuwar tana taɓa masa gwiwa, kuma in jirgin ya kai tsakiyar ruwa shirun yana sa kunnensa ƙara.

In layi ya zo kaina yakan yi mini alama kamar kowa, ya matso da ni har bayan motar gabana.

"Ƙara kaɗan, auta. Kaɗan. Ya isa."

Sai ya ɗan bubbuga rufin motar da tafin hannu, ya wuce wurin na bayana.